Neman shawara: in ba karen gadina kitse, ko mai zai cutar da shi?

Mai tambaya, manomi daga wajen Zariya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da karnuka biyu da ke gadin gonata da garken awakina a bayan gari, ɗaya na gida ne, ɗayan kuma irin na Jamus ɗin nan ne da muke kira karen 'yan sanda, nauyinsa yana kusa da kilo 30. Abincinsu tuwon masara ne da ƙanzo, sai romon ƙashi idan an samu. Tun da hunturu ya shigo gashin babban ya dushe, fatarsa tana fitar da farin ɓarɓashi, yana yawan susa, haƙarƙarinsa kuma ya fara bayyana duk da cewa ba ya rage komai a kwano. Na gidan kuwa lafiyarsa ƙalau. Mahaucin da nake sayen nama a wurinsa ya ce zai riƙa tara mini kitsen saniya a kuɗi kaɗan, domin a ganinsa shi ne zai mayar wa karen da jikinsa. Maƙwabcina kuma ya ce kada in kuskura, wai maiƙo ne ke sa wa kare ƙazuwa har gashinsa ya zube. Karen nan yana kwana a waje saboda dukiyata, haƙƙinsa yana wuyana, ba na so in cutar da shi da hannuna. Ina roƙon masu sani su faɗa mini: shin kare yana bukatar mai a abincinsa, wane iri, kuma nawa?

Wani dattijo mafarauci:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ni a cikin karnuka na tashi, kuma maganar maƙwabcinka ba haka take ba, domin na sha ganin karen da bai taɓa lasar mai ba ƙazuwa ta cinye shi. A lokacin farauta, karen da ke samun ɗan maiƙo a abincinsa shi ke jure gudu har yamma, wanda aka bari da tuwo zalla kuwa tun hantsi yake zaro harshe ya nemi inuwa. Amma kafin ka sayi komai, ka buɗe gashin bayan kunnensa da tsakanin yatsunsa ka duba kaska, ka duba gindin wutsiya ko akwai ƙuma, sannan ka tuna yaushe rabonka da ba shi maganin tsutsar ciki. Kare mai tsutsa ko me ka zuba masa ba zai yi kumari ba.

Wani likitan dabbobi:

Malam, Baba ya faɗi gaskiya. Ƙazuwar kare wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani suke haddasa ta, suna zaune a cikin fata ko a saiwar gashi, kuma ana gane su ne idan an kankaro fatar an duba a madubin likita. Mai ba ya haifar da ita.

Kare yana bukatar mai, bukata ta dole. Giram ɗaya na mai yana ba da kuzari kimanin kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko na furotin kimanin 4 yake bayarwa, shi ya sa karen da ke cika ciki da tuwo zai iya ƙoshi amma ya ci gaba da ramewa. Bitamin A, D, E da K kuma ba sa shiga jiki yadda ya kamata sai da mai. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda kamfanonin abincin karnuka da yawa ke bin ma'auninta, ta ajiye mafi ƙarancin mai a kashi 5.5 cikin 100 na abincin babban kare idan an cire lissafin ruwa, da kashi 8.5 ga kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa. Masarar da aka surfa ta riga ta rasa da yawa daga ɗan man da ke ƙwayarta, don haka tuwo da ƙanzo kaɗai da wuya su kai ko wannan mafi ƙarancin.

Inda zan saɓa wa mahaucinka shi ne a kan irin man. Akwai wani sinadarin mai da ake kira linoleyik, daga dangin omega-6, wanda jikin kare ba ya iya ƙera shi, kuma da shi fata ke gina shingen da ke riƙe mata danshi. Idan ya yi ƙaranci sai fata ta bushe, ta yi ɓarɓashi, gashi ya dushe, iskar hunturu kuma ta ƙara fito da matsalar fili. Kitsen saniya da na rago suna da kuzari mai yawa, amma linoleyik ɗin da ke cikinsu bai wuce kimanin kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba. A kitsen kaza yana kai wajen kashi 20, a man gyaɗa wajen kashi 30, a man waken soya kuwa kusan rabi ne. Kenan kitsen mahauci zai iya sa karenka ƙiba ba tare da fatarsa ta gyaru ba.

Ɗaya dangin shi ne omega-3, musamman wasu sinadaran mai biyu da ake kira EPA da DHA, waɗanda ke rage kumburi a fata da gaɓoɓi, suna kuma taimaka wa ƙwaƙwalwa da idon kwikwiyo. Jikin kare ba ya iya samar da su da yawa daga man tsirrai, sai dai daga kifin teku mai maiƙo, irin titus da sardin da ake samu wurin masu kifin ƙanƙara.

Ga abin da zan ba ka shawara. Ka fara da cokalin shayi ɗaya na man waken soya ko man gyaɗa mai kyau a cikin abincinsa kullum, ka riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu har ya kai babban cokali ɗaya, ka tsaya nan. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da kimanin kalori 120, kare mai kilo 30 kuwa abin da yake bukata a yini yana wajen 1,400 zuwa 1,600, gwargwadon zirga-zirgarsa. Ka dafa masa titus sau biyu ko uku a mako, ka cire ƙaya, ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ka haɗa da dafaffen ƙwai ko tarkacen nama, saboda gashi da furotin ake gina shi, mai kaɗai ba zai tsiro da shi ba. Sakamako a gashi yakan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin a gan shi.

Wata Hajiya daga Kaduna:

Ina so in ja hankalinka kan tara kitse da yawa a ba kare lokaci guda, domin na ga abin da yake yi da idona. Bayan wata Babbar Sallah, da aka gama suyar naman layya, sai aka juye wa karen gidanmu ragowar kakide da guntayen kitsen da suka taru a ƙasan tukunya, da niyyar shi ma ya ci rabonsa. Washegari ya fara amai, ya ƙi abinci, ya ƙi ko ruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda yake shimfiɗa ƙafafun gaba da ƙirjinsa a ƙasa ya bar ƙugunsa a sama, idan an taɓa cikinsa sai ya yi ƙara ya ja baya. A asibitin dabbobi aka ce mana pankiriyas ɗinsa ne ya kumbura, wato gaɓar nan da ke kusa da tumbi mai fitar da sinadaran narkar da abinci. An yi masa ƙarin ruwa da allurar kashe zafi, ya rayu da ikon Allah, amma likita ya ce daga yanzu abincinsa ya zama maras maiƙo sosai, domin ciwon yana iya dawowa. Don Allah ka gargaɗi yaran gona, kada wani ya ga kitse ya yi arha ya cika masa kwano.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, manja ya fi sauƙin samu a wurinmu, ga kuma ƙuli-ƙuli, ko za su iya maye gurbin man waken soyan? Sannan akwai abin da ban ambata ba: kashin karen yana da yawa, launinsa ya yi fari-fari, yana da laushi da maiƙo, warinsa kuma ya fi na ɗayan ƙarfi nesa ba kusa ba.

Likitan dabbobi:

Wannan bayani na ƙarshe ya fi duk abin da ya gabata muhimmanci, Malam, kuma saboda shi ina so ka dakata da ƙarin man tukuna. Kare mai ci sosai yana ramewa, kashinsa mai yawa, fari-fari, mai maiƙo, alama ce ta cewa man da ya ci yana wucewa ta hanji ba tare da an narkar da shi ba. Tsutsa da wasu ƙwayoyin cutar hanji suna iya kawo haka, amma akwai kuma lalurar da pankiriyas ke kasa fitar da isassun sinadaran narkarwa, kuma karnukan Jamus irin naka suna cikin waɗanda aka fi saninsu da ita, galibi tun suna da ƙuruciya. Wannan na iya zama dalilin da ya sa na gidan yake lafiya a kan abinci iri ɗaya. Idan ita ce, ƙarin mai zawo kawai zai ƙara masa. Ana tabbatar da ita da gwajin jini, ana kuma magance ta da garin sinadaran narkarwa da ake barbaɗawa a kowane abinci har ƙarshen rayuwar kare, kuma da yawa suna mayar da jikinsu sarai. Tunda kana kusa da Zariya, ka kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ka tafi da ɗan sabon kashinsa a leda mai tsabta, a duba fatar ma gaba ɗaya.

Manja ba guba ba ne ga kare idan kaɗan ne, sai dai linoleyik ɗinsa kimanin kashi 10 ne kawai, idan ya yi yawa kuma yana sa zawo. Ƙuli-ƙuli kuwa an riga an matse yawancin mansa, sau da yawa da gishiri da yaji a ciki, ga haɗarin gyaɗar da ta yi fumfuna, wadda ke ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma kare ba ya jure ta ko kaɗan. Haka nan kada ka ba shi man hantar kifi na kwalba ba tare da an auna maka ba, domin bitamin A da D da ke cikinsa suna taruwa a jiki su zama cuta.

Wani mai sayar da kayan dabbobi:

Idan likita ya gama bincike ya ce ka koma abincin karnuka na kamfani da ake sayarwa a buhu, ka duba bayan buhun za ka ga an rubuta kason mai, ka kuma duba ranar lalacewa. Zafin ƙasarmu yana saurin ɓata man da ke cikin irin wannan abinci da zarar an buɗe buhu, sai ya canza wari kamar tsohon man suya, kare ya fara ƙin ci ko cikinsa ya ɓaci. Ka sayi wanda zai ƙare cikin wata guda ko ɗan fiye, ka ɗaure bakinsa bayan kowane ɗiba, ka ajiye shi a ɗaki mai sanyi nesa da rana, kada a rumfar kwano. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi ma kada a juye masa.