Tera ɗaya a kwali, giga 931 a allo: wa ya cinye sauran?

Mai ƙorafi: Jama'a ku zo ku ga cuta da rana tsaka. Na sayi faifan ajiya, a jikin kwali an rubuta 1TB ɓaro-ɓaro. Ina jona shi da kwamfuta sai ga 931GB, ko hoto ɗaya ban zuba ba. Giga 69 fa! Ina suka kai min memorina? Masu ƙera kayan nan ɓarayi ne da lasisi, kuma kowa ya ja bakinsa ya yi gum.

Injiniya: Ɗan'uwa, kafin a zo kan sata, ba memori ka saya ba. Memori shi ne RAM, wanda da wuta ta ɗauke duk abin da ke cikinsa ya tafi. Naka ma'aji ne. A riƙa kiran abu da sunansa.

Mai gyaran waya: To Injiniya, katin da ake sa wa waya fa, me duniya ke ce masa? Katin memori. Ka cire shi ka ajiye wata guda, hotunanka na nan. Shi ma ɗin RAM ne?

Injiniya: Wannan sunan 'yan kasuwa ne.

Mai gyaran waya: Fujio Masuoka da ya ƙirƙiro filashi, wato fasahar ajiyar da ke cikin katin waya, a kamfanin Toshiba a shekarun 1980 ɗan kasuwa ne? Memori ya kira shi, kuma shi ne a cikin kowace SSD, wato faifan ajiya na zamani, yau.

Injiniya: Ranka ya daɗe, cire allon waya daban, karanta tsarin kwamfuta daban.

Mai gyaran waya: Au, abin ya koma gori? Masu takardar ai wurinmu suke kawo wayoyinsu idan sun mutu.

Malamar lissafi: Ku yi haƙuri in amsa wa bawan Allahn nan tambayarsa. Ba a cire masa komai ba. Mai ƙera faifai yana ƙirga da dubu-dubu: tera ɗaya a wurinsa bayit (ƙaramin ma'aunin bayanai) 1,000,000,000,000 ne cif, kuma ya ba ka su. Windows kuwa da 1024 take ƙirgawa, don haka giga ɗaya a wurinta bayit 1,073,741,824 ne. Raba na farko da na biyu, za ka samu 931 da 'yan kai. Lissafin nan ne ke mayar da filashi mai giga 128 ya zama kusan 119. Kuma tazarar tana ƙaruwa ne da girman ma'ajin: a matakin kilo ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba, shi ya sa da can ba a damu ba.

Tsohon hannu: Ku yara ba ku san komai ba. Faifan farko da IBM ta fitar a 1956 sunan na'urar RAMAC. Ga RAM nan a cikin sunan. Kenan tun asali faifai memori ne, magana ta ƙare.

Injiniya: Baba, da girmanka. Haruffan ne suka yi kama. Can ana nufin hanyar isa ga bayani kai tsaye ba sai an bi layi ba, saɓanin tef da dole sai an bi layi.

Tsohon hannu: Lokacin da nake aiki da fulofi, ƙaramin faifan nan na da, ba a haife ka ba.

Malamar lissafi: Fulofin ma ai shi ne uban rikicin, Baba. Wanda aka rubuta wa 1.44MB, 1440 ne sau 1024, wato an gauraya ma'auni biyu a lamba ɗaya. Don kashe wannan ruɗanin ne hukumar IEC mai tsara ma'aunan lantarki ta duniya ta fito da kibi, mebi, gibi da tebi a 1998, sunayen ƙirga da 1024. Abin da allonsa ya nuna gibibayit 931 ne, sai dai an rubuta masa GB.

Ɗan Mac: Shi ya sa nake ce muku ku bar wahalar da kanku. Mac tun 2009 ta koma ƙirga da dubu. Ka jona faifan nan, tera ɗaya za ka gani.

Ɗan Linux: Ka gani ɗin, sai ya ƙaru? Lallashin ido ne kawai. Kwamfuta da biyu-biyu take aiki, 1024 ne gaskiya.

Ɗan Mac: Kilo tun kafin a yi kwamfuta dubu yake nufi. Kilomita mita 1024 ce? Kuma ku da kuke cika baki, a Linux buga df -h, umarnin duba girman faifai, ka ga lamba ɗaya, buga df -H ka ga wata. Gidanku ma bai daidaita ba.

Ɗan Linux: Wannan ake kira zaɓi. Ku an zaɓar muku, kun biya, kuna godiya.

Injiniya: Kun ga hujjata ta fito da kanta. RAM har gobe da 1024 ake sayar da ita, ma'aji da 1000. Da abu ɗaya ne da ba a bambanta su ba.

Mai gyaran waya: Wannan ba hujja ba ce, kame-kame ne.

Mai ƙorafi: Ni dai na ji an taɓa kai su kotu a Amurka.

Malamar lissafi: An kai Western Digital, kamfanin ƙera faifai, suka yi sulhu a 2006 ba tare da sun amsa laifi ba. Duba bayan kwalinka da kyau, galibi akwai ƙaramin rubutu da ke faɗin yadda suke ƙirga giga.

Mai gyaran waya: Injiniya bai ba ni amsar katin waya ba har yanzu. Ina jira.

Injiniya: Ba na musu da wanda bai san bambancin rijista da kash ba.

Mai gyaran waya: Girman kai rawanin tsiya.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Ga abin da aka cimma: an tabbatar memori RAM ne kaɗai, kamar yadda Injiniya ya yi bayani cikin ilimi da natsuwa, kuma ba wanda ya kawo hujjar da ta ture shi. An kuma ga cewa masu Mac ba su da wannan matsalar, mai kunne ya ji. Malama ta kawo wasu lambobi, mun gode, wanda ke da lokaci ya koma sama ya duba. Mai gyaran waya, na goge saƙonka biyu na ƙarshe, zagi ba muhawara ba ne. Maganar Linux kuma duk wanda ya sake tayar da ita a wannan makon zan cire shi.