Kare ya daina tsalle wa 'yan gida, amma baƙo na shigowa sai ya koma gidan jiya

Masu horar da karnuka, don Allah a taimaka da shawara. Kare ne ɗan wata 10, kusan kilo 25, yana daka tsalle ya ɗora wa mutum ƙafafun gaba a ƙirji.

Horon da ake bi: da ya ɗaga ƙafa sai a juya masa baya, ba kallo, ba magana, ba turewa, tunda turewar ma wasa yake ɗaukarta. Ƙafafu huɗu na taɓa ƙasa, a ba shi guntun nama cikin daƙiƙa biyu, a ƙasa, don kada hannu a sama ya ja shi tashi. Da 'yan gida horon ya yi aiki.

Baƙi ne matsalar. Ana ƙwanƙwasa ƙofa sai ya ruɗe, ko naman ba ya kallo. Wani baƙon kuma ya shafa masa kai yana maƙale a jikinsa, wanda shi ma lada ne a wurin karen, ga shi halin da ake ba wa lada jefi-jefi ya fi wuyar bari.

Shin a fara da ƙwanƙwasawa babu mai shigowa har ƙarar ta daina tada shi? Ko a taka igiyarsa, a bar tsawon da zai tsaya amma ba zai tashi ba? In igiyar ce, a wuya za a ɗaura ko a ƙirji?