Tagwayen gandu da tagwayen gayauna

Malamin kimiyya, wajen Ringim:
Jama'a, a taimaka mini da Hausar bonding pair da lone pair. Yarana suna zana ɗige-ɗigen Lewis (masu nuna ilektiron a kewayen atam) tsaf, amma ka tambaye su me ɗigon yake nufi, sai kowa ya sunkuyar da kai. Tun 1916 Gilbert Lewis ya bayyana cewa abin da ke ɗaure atam da atam shi ne ilektiron biyu da suka yi tarayya a kansu, wato bonding pair. Akwai kuma wasu bibbiyun da ba sa shiga tarayyar, suna maƙale a jikin atam ɗaya, su ne lone pair.

Wata malama, Gumel:
Malam, ni "tagwaye" nake ce musu, tunda tare suke zama. Na biyun ne matsala. Wani ya taɓa cewa "tagwaye masu zaman kansu", aji ya kece da dariya. A bar wannan.

Tsohon hedimasta, Ƙiru:
Ku leƙa gona mana. Gandu na gida ne, kowa ya sa fartanya, kowa ya ci daga rumbu ɗaya. Gayauna kuwa ta mutum ɗaya ce, sai an tashi daga gandu yake zuwa mata. To, tagwayen gandu da tagwayen gayauna. Kuma gayauna tana cin fili. A ruwa, oksijin yana da tagwayen gayauna har biyu, su ne ke matse na gandu, shi ya sa ƙwayar ruwa ta lanƙwashe a digiri 104.5. Amoniya mai gayauna ɗaya tana wajen 107, metan da ba shi da ko ɗaya yana 109.5.

Malamar Gumel:
Baba, Allah ya ƙara girma, ai gandu da maigida yake. Wa ye maigida in haidirojin biyu suka haɗu?

Hedimasta:
Gandun 'yan'uwa ke nan, 'yata, bayan uba ya rasu. A ruwa kam akwai maigida, oksijin ne, don ya fi ƙarfin ja, tagwayen sun fi karkata wajensa. Inda kalmar ke ɗingishi shi ne sinadarin benzin: ilektiron shida ne suka bazu a zoben kabon shida, ba ka iya nuna biyu ka ce na wane da wane ne. A can "tagwaye" ba ta zauna ba.

Malamin Ringim:
Na karɓa, Baba. Benzin sai an shiga darasin sinadaran kabon, kafin nan ma nemo masa tasa.