Muhawara: Ƙarfi ne kaɗai ke juya duniya?

Abdulhadi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gama bitar mazhabobin hulɗar ƙasa da ƙasa, ga kuma inda na tsaya: mazhabar ƙarfi, wadda ake kira riyalizim, ita kaɗai ta faɗi gaskiya. Sauran fatan alheri ne. Babu gwamnati a saman gwamnatoci, babu ɗan sandan da ƙasa za ta kira idan aka auka mata, saboda haka kowa tasa ta fisshe shi. A shekara ta 416 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Atina sun gaya wa mutanen tsibirin Melos cewa zancen adalci tsakanin tsara da tsara ake yin sa. Melos ta ƙi miƙa wuya, aka kashe mazanta, aka bautar da mata da yara. Me ya sauya? A 1994 Yukiren ta yarda ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, Amurka da Birtaniya da Rasha suka sa hannu a Budafes cewa za su mutunta iyakokinta. A 2014 Rasha ta karɓe Kirimiya, a 2022 ta shiga da tankoki. John Mearsheimer, ɗaya daga cikin malaman wannan mazhaba, tun 1993 ya rubuta cewa kada Yukiren ta bayar da makaman. To wa ya yi gaskiya?

Hajara: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kalmar "kaɗai" ɗin nan ce ta tsaya mini a wuya. Faransa da Jamus sun gwabza a 1870, sun sake a 1914, sun ƙara a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1951 suka haɗa kwal da ƙarfensu ƙarƙashin hukuma ɗaya tare da Italiya da Beljiyam da Holan da Lukzambag, wato kayan da ake ƙera bindiga da su. Yau mutum yana tsallaka iyakarsu a mota kamar ya shiga wata unguwa. Abin da 'yan mazhabar haɗin kai, masu ra'ayin libaral, suke faɗa ke nan: ciniki da yarjejeniya da cibiyoyi suna sa yaudara ta yi tsada, suna sa amana ta yi riba. Ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka Amurka da Sobiyet suka sa hannu a yaƙi da cutar agana, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewarta a 1980. Wannan ma fatan alheri ne?

Abdulhadi: 'Yar'uwa, wa ya zaunar da Faransa da Jamus? Sojojin Amurka da ke jibge a Jamus ta Yamma, da tsoron Sobiyet. An kafa NATO a 1949, kafin zancen kwal da ƙarfe. Ciniki kuwa, kafin 1914 Birtaniya da Jamus suna cikin manyan abokan cinikin juna, bai hana su haƙa ramuka suna harbin juna shekara huɗu ba. Ki tuna Sarki Haile Selassie a Janiba, watan Yuni na 1936. Ƙasarsa Habasha mamba ce a Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci, Italiya ta mamaye ta har da iskar guba. Ya hau mumbari, 'yan jaridar Italiya suna yi masa ihu daga saman zaure sai da aka fitar da su. Aka saurare shi, makonni kaɗan bayan haka aka ɗage wa Italiya takunkumin da aka sa mata. Duk lokacin da na karanta wannan sai raina ya ɓaci, shi ya sa ba na yarda da takarda.

Malam Isyaku: Abdulhadi, ɓacin ranka yana kan hanya, amma malaman mazhabar ƙarfin da ka haɗa wuri guda su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Hans Morgenthau, a littafinsa na 1948, ya ɗora abin a kan halin ɗan Adam na son iko. Kenneth Waltz a 1979 ya ce a bar zancen hali, tsarin ne: ko shugabanni salihai ne, rashin alƙali a samansu zai sa kowa ya yi wa kansa tanadi, tanadin wani kuma ya zama barazana ga maƙwabcinsa. Sannan ga abin da nake so ka tauna da kyau. Morgenthau ya soki yaƙin Biyetnam. A watan Satumba na 2002 malamai 33, ciki har da Waltz da Mearsheimer, sun buga sanarwa a jarida cewa yaƙi da Iraƙi ba ya cikin muradin Amurka. A watan Maris na 2003 Amurka ta shiga Iraƙi. Idan ƙasa mafi ƙarfi ta yi abin da malaman mazhabar ƙarfi suka ce ya saɓa wa lissafin ƙarfi, ashe akwai wani abu da ke tura ƙasashe ban da wannan lissafin. Mazhabar tana bayyana abin da ƙasashe ke yi ne, ko tana ba su shawarar abin da ya kamata su yi?

Abdulhadi: Allah ya gafarta Malam, wannan ta taɓa ni. Amma zan ce ƙasashe suna kuskure, kuma tsarin yana hukunta mai kuskure. Amurka ta biya kuɗin Iraƙi da jini da dukiya da mutunci.

Dakta Rabi: Ƙanina, ka lura da kalmar da ta fito daga bakinka: mutunci. A wane ma'auni na tankoki ake auna shi? Nan mazhaba ta uku take shigowa, wadda ke cewa tunani da fahimtar juna su ke gina hulɗar ƙasashe. Alexander Wendt, jigo a wannan mazhaba, ya kawo misalin da har yau ban ga wanda ya ture shi ba: makaman nukiliya 500 a hannun Birtaniya ba su tayar wa Amurka hankali kamar guda 5 a hannun Koriya ta Arewa. Bam ɗin bai san aboki ba, bai san abokin gaba ba, mutane ne suka sanya masa ma'ana.

Ka dubi 5 ga Fabrairu 2003. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, yana zaune a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ɗaga 'yar ƙaramar kwalba a tsakanin yatsunsa yana ƙoƙarin gamsar da duniya cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi. Ƙasar da babu mai iya tare ta, me ya kai ta neman yardar wasu? A 2022 ma Putin sai da ya ambaci sashe na 51 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, na kare kai. Mutanen Atina ba su wahalar da kansu da irin wannan ba a Melos. Ka tambaya me ya sauya, to wannan ya sauya. Kuma tun Nagasaki, 9 ga Agusta 1945, ba a sake jefa nukiliya a yaƙi ba. Amurka ta sha kaye a Biyetnam, Sobiyet ta sha kaye a Afganistan, abokan faɗansu ba su da makamin da za su rama da shi, duk da haka ba a jefa ba.

Nasiru: Dukkanku kuna maganar ƙasa kamar mutum ɗaya ce mai ciki ɗaya. Muradin ƙasa na wa? Na mai kamfanin makamai ko na wanda aka tura fagen daga? Anti Hajara tana yabon cibiyoyi, to a duba yadda aka gina su. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya manyan shawarwari sai da kashi 85 cikin ɗari na ƙuri'u, Amurka ita kaɗai tana da sama da kashi 16, ke nan babu abin da zai wuce ba da yardarta ba. A Kwamitin Sulhu ƙasashe biyar ke da kujerar na-ƙi tun 1945. Masana tattalin arziki Raul Prebisch da Samir Amin sun daɗe da nuna cewa mai sayar da ɗanyen kaya ya sayi sarrafaffe, kullum yana ƙasa. Kashin dankali ne, sai dai an rubuta shi a doka.

Hajara: Ban musa ba, Nasiru, rabon bai yi adalci ba. Amma marar ƙarfi da ke da kotu ya fi marar ƙarfi da ba shi da ita. Zirin Awuzu, da ke kan iyakar Cadi da Libiya, ya isa misali. Libiya ta riƙe shi tun shekarun 1970, Kotun Duniya ta yanke a watan Fabrairu na 1994 cewa na Cadi ne, kafin ƙarshen watan Mayu sojojin Libiya sun fice a gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abdulhadi: Bayan Cadi ta lallasa su a 1987. Ita kuma Nikaraguwa ta yi nasara a kan Amurka a wannan kotun a 1986, Amurka ta yi watsi da hukuncin, da aka kai magana Kwamitin Sulhu ta hau kujerar na-ƙi.

Hajara: Nikaraguwa na ba ka. Awuzu kuwa ka koma ka duba. Cadi ta kama garin Awuzu a watan Agusta na 1987, Libiya ta ƙwace shi a cikin watan, ta ci gaba da zama a ciki kusan shekara bakwai. Abin da bindiga ta kasa fitarwa, hukunci ya fitar.

Malam Isyaku: Abdulhadi, ga tambayar da nake yi wa kowane ɗalibi, ko wace mazhaba ya riƙa. Idan ƙasa ta yi yaƙi ka ce muradi, idan ta yi sulhu ka ce muradi, idan ta bi kotu ka ce muradi, to me zai faru a duniya ka ce mazhabata ta faɗi? A 1990 Mearsheimer ya yi hasashen cewa idan Yaƙin Cacar Baka ya ƙare manyan ƙasashen Turai za su koma zaman 'yan marina, har ya ga yiwuwar Jamus ta nemi nukiliya. Sobiyet ta rushe a watan Disamba na 1991, sama da shekara talatin ke nan, Jamus ba ta ƙera ba.

Abdulhadi: Malam, hasashen nasa ya rataya ne a kan Amurka ta kwashe sojojinta daga Turai, kuma har yau suna nan, saboda haka ba a yi gwajin ba tukuna. Ga sharaɗina: ranar da suka fice gaba ɗaya, aka yi shekara ashirin Jamus ba ta nemi nukiliya ba, ba ta kuma shiga tseren makamai da Faransa ba, na sauka daga kan maganata. A kan agana da ciniki da ƙananan rigingimun iyaka na janye "kaɗai". A kan rayuwa da mutuwar ƙasa ban janye ba, don mutanen Yukiren suna binne 'ya'yansu da takardar Budafes a ajiye.

Dakta Rabi: Ba sai ka jira shekara ashirin ba. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-baman nukiliya shida da hannunta, ta wargaza su da hannunta, ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar nukiliya a 1991, shugaban ƙasarta de Klerk ya tsaya a gaban majalisa a watan Maris na 1993 ya faɗa wa duniya. Babu wanda ya ci ta da yaƙi, babu kuma wata babbar ƙasa da ta ɗauki alƙawarin tsare ta. Yaya lissafinka zai fassara wannan?

Abdulhadi: Sojojin Kuba sun fara barin Angola bayan yarjejeniyar 1988, barazanar da ta sa Afirka ta Kudu ta ƙera bama-baman ta gushe. Wannan rabin amsa ce, Dakta, na sani. Ƙasar da ta yarda cewa kowa tasa ta fisshe shi za ta ajiye ko da guda biyu ne saboda gobe. Ki ba ni zuwa jibi in karanta abin da de Klerk ya gaya wa majalisar, sai in dawo miki.