Wa ya taɓa barin wani yanki na gonarsa ya koma daji?

Ɗan Giwa: Salamu alaikum. A gonarmu ta gado akwai wata kusurwa a bakin rafi da na daina sharewa shekara 4 ke nan. Kututturan marke da kanya sun yi toho, na bar wa kowanne reshe biyu masu ƙarfi, na sare sauran. Bana da damina sai ga zabuwar daji da 'ya'yanta suna bin ta a jere, rabona da ganin haka tun ina yaro. Damuwata wuta. Duk kaka sai samari masu haƙon gafiya sun cinna mini ita.

Tsohon maharbi, Birnin Gwari: Wa'alaikumus salam, ɗana. Na yi farauta a gefen dajin Kamuku tun kafin a mai da shi gandun gwamnatin tarayya a 1999. Mu da muka taso, ba a harbin gada mai ciki, kuma wanda ya yi sai ya sha kunya a gaban manya. Kada ka ja da samarin nan kai kaɗai. Ɗauki goro ka je wurin sarkin bakansu, ku zauna a gaban mai unguwa. Abin da ya hana da bakinsa, yaransa ba sa ƙetarewa. Sannan da an yanke dawa, ka share fili taku 5 kewaye da wurin, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba.

Uwar marayu, Kachia: Baba ya faɗi gaskiya, amma ba wuta kaɗai ba ce. Bayan rasuwar maigidana masu gawayi sun yi ta sintiri suna taya ɗorawa uku da kaɗanya da ya bari. Na ƙi, alhali ranar ko kuɗin cefane babu. Yau da kalwar nake daddawa, da man kaɗe nake biyan kuɗin makarantar yara. Na sa an ɗaura amya 6 a kan bishiyoyin. Bara wani maƙwabci ya yi feshin maganin ƙwari da rana tsaka, wakensa na fure, washegari na tarar da ƙudan zuma zube a gindin bishiya kamar an watsa gero. Wallahi sai da na yi kuka. Da na je da ɗanyen zuma na roƙe shi, ya yarda ya riƙa feshi da yamma liƙis.

Malamin gona, Zariya: Ɗan'uwa, wannan barin toho da kake yi, da shi manoman Maradi suka farfaɗo da gonakinsu tun wajen 1983. Idan kana da gawo ka riƙe shi, ganyensa da damina yake zuba, ba ya tare wa shuka rana. Makiyaya kuma ka ba su izinin tsintar 'ya'yan, da sharaɗin kada a sassare rassa. A gonata sun riƙe alkawari.

Ɗan Giwa: Allah Ya saka da alheri. Baba, ranar Juma'a zan je wurin sarkin bakan in sha Allahu. Hajiya, a wane wata kike ɗaura amyar?