Neman shawara: an gayyace ni aikin sa-kai a wata gona a arewacin Norway, in tafi ko in haƙura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan gidanmu a nan.

Ni mazaunin Rigasa ne. Na karanci aikin gona, na gama hidimar ƙasa, har yau babu tsayayyen aiki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona babba ta hanyar Birnin Gwari, masara da waken soya muke yi a ciki tun ina yaro. Tun da tsaro ya lalace ba wanda ya isa ya leƙa ta. Babban yayanmu ya so a sayar a raba, Hajiya ta ce ba za a sayar ba tana da rai, aka yi ta kai ruwa rana har sai da kawunmu ya zo daga Zariya ya raba gardamar, kuma har yanzu ni da Yaya gaisuwa ce kawai tsakaninmu, don ni na goyi bayan Hajiya. Daga baya na ari wani ɗan fili a bakin kogi ina noman rani, latas da alayyafo da tumatir. Tsadar buhun taki ce ta mayar da ni kan kashin kaji da takin shanu da toka, ƙwari kuma in jiƙa ganyen darbejiya in fesa. Da na ga ƙasar ta soma laushi tana riƙe ruwa, sai abin ya shiga raina sosai.

A haka na ci karo da WWOOF, wata ƙungiya da aka fara a Ingila a 1971, tana haɗa masu son koyo da manoman da ba sa amfani da takin zamani ko maganin feshi. Ka yi musu aiki, su ba ka ɗaki da abinci, babu albashi. Na rubuta wa gonaki da dama, wasu dattawa mata da miji suka amsa. Gonarsu tana cikin duwatsu a arewacin Norway, tafiya ce mai nisa a mota daga birnin Tromso. Suna kiwon tumaki, suna noman dankalin turawa da kabeji da karas. Babu wutar gwamnati, sai sola da batir da ƙaramin janareta. Ruwa daga rafi, ɗumama ɗaki da murhun itace, masai a waje. Aikin awa 5 ne a rana. Suna so in zo daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, don lokacin ne ba sa samun masu zuwa. Mun yi magana ta bidiyo, mutanen kirki ne.

Tambayata: mutumin Kaduna zai iya wannan sanyin? Salla da abinci fa? Wallahi ko barci ba na iya yi.

Alhajin Jamus: Wa alaikumus salam. Ƙanena, saurare ni da kyau, na zauna a Jamus shekaru, ba labari aka ba ni ba. Wannan bauta ce da aka sa wa suna mai daɗi. Bature ba ya ba ka komai kyauta. Ka sayi tikitin jirgi da kuɗinka, ka je ka kwashe kashin tumaki a ƙanƙara, ka dawo hannu rabbana. Kuma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: lokacin da 'ya'yansu ba sa zuwa shi ne suke kiran ka. Kada ka je. Magana ta ƙare.

Maman Ilham: Ni tambaya ɗaya gare ni. Hajiya ta sani? Ka ba mu labarin gado tun daga farko amma ba ka ce ta yarda ba.

Ɗan Kawo: Wace irin biza za ka nema? Kuma ka tabbata mutanen nan na gaske ne? Ni wani ejan ya karɓi kuɗina a kan aikin gona a Turai, har da takarda mai hatimi ya nuna min. Babur ɗina na sayar. Yau layinsa a kashe, ofishin ma an mayar da shi shagon ɗinki. Har yanzu ina biyan bashin surukina, matata kullum sai ta tuna min. Duk wanda ya ce maka Turai, ka riƙe aljihunka.

Mai tambaya: Ɗan Kawo, Allah ya mayar maka da alheri, amma nawa ba ejan a ciki. Kuɗin rajistar shekara kawai na biya a shafin ƙungiyar, dattawan ba su nemi ko kwabo ba. Alhaji, da girmanka, ba kuɗi zan je nema ba, ilimi ne. Ina son in ga yadda mutum yake riƙe gona da dabbobi ba tare da ya dogara da shagon taki ko wutar gwamnati ba.

Anti Hauwa daga Suwidin: Ƙanina, ni 'yar Tudun Wada ce, karatu ya kawo ni arewacin Suwidin, maƙota muke da inda kake magana. Ba zan ce ka zo ko kar ka zo ba, amma bari in faɗa maka abin da watannin nan suke nufi.

A Tromso rana tana daina fitowa daga wajen ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Da tsakar rana akan sami ɗan haske shuɗi-shuɗi na 'yan awanni, shi ke nan. To ka ga solar da suka ce suna da ita kusan hutu take yi a lokacin. Batir da janareta za a riƙa lallaɓawa, cajin waya ma sai da lissafi. Ka tambaye su ko akwai sabis a cikin gidan ko sai an hau tudu.

Sanyin kuma ya danganta da inda gonar take. Bakin teku da sauƙi, ruwan teku yana rage kaifinsa. In cikin ƙasa ne tsakanin duwatsu, yana iya kai digiri 20 ƙasa da sifili, har ya wuce. Hunturun Kaduna da muke kuka da shi da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10 sama da sifili. Jiki yana sabawa, wannan ba shi ne abin tsoro ba, kayan sawa ne. Kada ka sa auduga a jikin fata. In ka yi faskare ka yi gumi, auduga tana riƙe jiƙa, kana tsayawa sanyi ya shige ka. Ulu ake sawa a ciki, wani ulun a kai, sannan rigar da ke tare iska da ruwa. Takalmi ya ɗan fi ƙafarka girma don safa biyu. Yatsu da kunne da hanci su ne ke fara mutuwa, in ka ga wurin ya canja launi ba ka jin taɓi, ka shiga ɗaki nan take, kada ka murza, kada ka kanga a wuta. Ka nemi ƙwayar bitamin D, mu masu baƙar fata mun fi buƙata a nan.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: ka ce noma za ka koya. A Oktoba an riga an haƙe dankali, ƙasa ta kusa daskarewa. Noman can daga wajen Yuni ne zuwa Satumba. Abin da za ka tarar shi ne tumaki a cikin rumfa, ba su busasshiyar ciyawa safe da yamma, kwashe kashi, faskare, share dusar ƙanƙara daga hanya, fasa ƙanƙarar da ta rufe ruwa. Haihuwar tumaki ma sai Afrilu da Mayu. In haɗa taki da juya shuka kake so ka gani, ba lokacinsa ba ne.

Sai biza, wadda ba ka amsa wa Ɗan Kawo ba. WWOOF ba ta ba da biza. Bizar ziyara ta Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Norway take ciki, kwana 90 ce cikin 180, kuɗinta Yuro 90, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Amma bizar ziyara ba izinin aiki ba ce, kuma rashin albashi ba ya hana hukuma ta kira abu aiki in ana ba ka ɗaki da abinci a madadinsa. Ka karanta shafin UDI, hukumar shige da fice ta Norway, ka rubuta musu ka faɗi gaskiyar abin da za ka je yi kafin ka kashe sisi.

Sarkin Yawo: Anti kina tsorata shi. Malam ka ce yawon buɗe ido za ka je, su rubuto maka takardar gayyata a matsayin aboki. Wa zai bi ka cikin daji ya ga kana ba tumaki ciyawa? Dama sau ɗaya take zuwa.

Anti Hauwa daga Suwidin: A'a, kada ka yi haka. A filin jirgi ana tambaya, ana iya duba saƙonninka. In aka gane, za a juyo da kai, kuma bayanin yana shiga rumbun da ƙasashen Schengen suke amfani da shi tare. Dattawan ma ka jawo musu matsala.

Alhajin Jamus: Kun ji ko? Abin da na faɗa ke nan tun farko. Kuma ko bizar ba za su ba shi ba. Saurayi, ba mata, ba aikin gwamnati, ba kuɗi a banki, da me zai nuna zai dawo? Ni lokacin da na je, sai da na yi aikin wanke-wanke a gidan abinci, hannuna ya tsattsage, 'yan'uwa a gida suna ta kira a turo musu. Da na dawo ba wanda ya tambayi lafiyata, tsaraba kawai. Filin da na turo a saya min ma ɗan'uwana ya sa sunansa. Ku yaran yanzu ba ku jin magana.

Malam na Unguwar Sanusi: Game da salla kada ka damu, malamai sun yi bayani. Inda rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa, ƙaddara lokaci ake yi, hujjarsu hadisin kwanakin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim. Wasu sun ce a bi gari mafi kusa da yake da dare da yini, wasu sun ce a bi lokacin Makka. Akwai masallaci a Tromso, ka bi jadawalinsu. Ɗumama ruwan alwala ya halatta, shafa a kan huffi ma haka da sharuɗɗansa. Abin da nake jiye maka shi ne kaɗaici: ba jam'i, ba Juma'a, ba wanda zai tashe ka asuba cikin duhun da ba ya yayewa. Nama kuma ka gaya musu tun yanzu ba ka cin alade, ka tambayi yadda ake yanka. In ka yi shakka, kifi da ƙwai da dankali sun ishe ka. Shawarar ƙarya a biza kuwa, ban yarda da ita ba.

Mai tambaya: Na gode Malam, hankalina ya ɗan kwanta ta nan. Matar mai gonar ta riga ta ce kifi suka fi ci. Anti, na ji batun lokaci, amma kiwo ma ilimi ne, kuma yadda suke adana abinci da ciyawa su ci har bazara shi ma ina son gani. In na ce sai Yuni, Turawa ne za su cike wurin, ba za su tuna da ni ba. Alhaji, ba wanke-wanke zan je yi ba.

Injiniya Barnawa: Ɗan'uwa, abin da ƙasa mai ƙanƙara za ta koya maka, nawa ne zai yi aiki a bakin kogin Kaduna? Su matsalarsu ƙarancin zafi, mu tamu zafi da gara da ƙarancin ruwa. Ga cibiyar Songhai a Porto-Novo, Jamhuriyar Benin, tun 1985 suke haɗa noma da kiwo da kifi, kashin dabba ya zama taki da gas ɗin girki, kuma suna horar da matasa. Da fasfon ECOWAS za ka shiga, ba biza. In sanyi kake so ka gwada, ka je Bokkos wajen masu dankali ko ka hau Mambila ka kwana biyu a Gembu. Ga IAR, cibiyar binciken aikin gona, a Samaru nan kusa da kai. Kuɗin jirgin kaɗai zai saya maka injin ban-ruwa mai sola.

Alhajin Jamus: Injiniya ya gama magana. Amma ba zai ji ba, na san irinsu.

Maman Ilham: Har yanzu ba ka amsa min ba. Kuma kuɗin tafiyar daga ina? Ni ƙanena haka ya yi, ya tafi bai sanar ba, mahaifiyarmu hawan jini ya kama ta, ni na yi ta jinya a asibiti ni kaɗai da goyo a baya.

Mai tambaya: Maman Ilham, Allah ya ƙara mata lafiya. Kuɗin nawa ne, na tara ne don kayan lefe, kuma yarinyar mai fahimta ce, na san za ta jira. Hajiya zan gaya mata in biza ta fito, ban ga amfanin tayar mata da hankali a kan abin da bai tabbata ba. Injiniya, na san Songhai, zan iya zuwa ko yaushe, wannan kuwa ba kullum ake samu ba. Ni abin da na tambaya shi ne sanyi.

Maman Ilham: Kuɗin lefe? Iyayen yarinyar sun san da haka?

Anti Hauwa daga Suwidin: Ƙanina, sanyi na amsa maka, za ka iya in ka sami kaya. Ka tambaye su nisan asibiti mafi kusa, ko ana share hanyarsu in dusar ƙanƙara ta rufe, da wanda zai fito da kai in zama bai yi daɗi ba. Ka nemi su haɗa ka da wani da ya taɓa zama wurinsu a watannin duhu. UDI ɗin fa, ka rubuta musu?

Mai tambaya: Zan duba in sha Allah. Wa ya san layin da ake samun rigunan ulu na gwanjo masu kauri a Kasuwar Barci, da takalmin da ruwa ba ya shiga, lamba 44?