Likitocin yanzu sun cika saurin wuƙa? Yadda muhawara ta kaure a zauren danginmu kafin suna

Daren Talata aka yi wa matar ƙanenmu aiki a Zariya, aka ciro namiji, haihuwar fari. Ana tsaka da barka a zauren dangi na WhatsApp sai Gwaggo ta turo saƙon murya, daga nan zance ya canza.

Gwaggo: Barkanmu dai, Allah ya raya. Amma abin da ke cikina sai na faɗa. Likitocin yanzu ba su da haƙuri, mace na yamutsa fuska sai a jawo wuƙa. Ni goma sha ɗaya na haifa a ɗakin nan, a durƙushe, ko nishina mai gidan bai taɓa ji ba. Naƙudar fari dama doguwa ce. Da an bar yarinyar nan zuwa asuba da ta sauka da kanta. Yanzu ga shi an ɓata mata ciki, kowace haihuwa sai an farka.

Baban jariri: Gwaggo, ni na sa hannu a takardar. Tun la'asar ɗin Litinin take abu ɗaya. Da aka ɗora mata abin jin bugun zuciyar yaro, ni da ban san komai ba na ji yana raguwa, kamar agogon da batirinsa zai ƙare. Da faya ta fashe ruwan kore ne. Wace asuba zan jira?

Gwaggo: Kai yaro ne, tsorata ka suka yi.

Yaya Nas: Gwaggo, a yi mini afuwa, nan fagena ne, shekarata goma sha shida a ɗakin haihuwa. Bugun zuciyar ɗan ciki tsakanin 110 ne da 160 a minti. Idan ya riƙa faɗuwa ƙasa bai dawowa da wuri, ga koren ruwa, alama ce yaro ya galabaita har ya yi kashi a ciki. Ita kuwa mahaifa ta buɗe amma kai ya ƙi saukowa, sa'o'i suna tafiya. Ba ragwanta ba ce, ƙugu ne da kan yaro ba su daidaita ba. Kin san abin da ke biyo baya in an ci gaba da jira? Kan yaron yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki ya ɓule, fitsari ya dinga zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari ke nan. Je ki Babbar Ruga a Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya shafe shekaru yana ɗinke matanmu, ki tambaye su labarinsu. Akasarinsu kwana biyu, kwana uku suka yi a durƙushe, kuma yawancinsu ba su tashi da ɗan a raye ba.

Maman Tagwaye: Ni fa ba zan bar Gwaggo ita kaɗai ba, tana da tata gaskiyar. Cikina na uku, wani asibitin kuɗi a nan Abuja, ina wata bakwai aka ce in zaɓi ranar aiki, wai yaro ya yi girma. Har lissafin kuɗi aka miƙo mini a ambulan. Na canza asibiti, na haihu da kaina cikin awa biyar, yaron ko kilo uku da rabi bai kai ba. Wasu kasuwanci suke da cikin mutane, kar a rufe wannan.

Yaya Nas: Ban musa ba, akwai su, kuma abin kunya ne. A Birazil da Masar fiye da rabin haihuwa ta aiki ce, can ana iya kukan wuƙa ta yi yawa. Amma mu? Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna abin da bai wuce haihuwa 3 cikin 100 ba ake yi ta aiki a Nijeriya, mu nan Arewa maso Yamma ma ƙasa da haka. A 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo 10 zuwa 15 cikin 100 a matsayin ma'auni. Wato a duk mata ɗari akwai da dama da suke buƙatar aikin ba su samu ba. Ina suka tafi? Ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan duniya da ke mutuwa wajen haihuwa, ba saurin wuƙa ne ke kashe su ba.

Maman Tagwaye: Lissafin ƙasa daban, abin da ya same ni daban.

Yaya Nas: Haka ne. Ke kina da motar canza asibiti. Wadda ake kawo mana a Keke Napep ƙarfe uku na dare, an riga an yi mata allurar naƙuda a kyamis har mahaifa ta tsage, ita ba ta da na biyu.

Kawu na Maraɗi: Gwaggo, yayata, ni da ke muka rage a ɗakinmu, don haka zan faɗi abin da yaran nan ba za su iya ba. Kin haifi goma sha ɗaya lafiya, Allah ya ba ki. Ƙanwarmu fa? Kwana uku tana ɗaki, ana ta jiƙe-jiƙe da rubutu, ana cewa kunyar fari ce ta hana ta. Ni na je neman mota ranar ta huɗu, da na dawo na tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Masu ba da labarin haihuwar dā waɗanda suka tsira ne.

Nan zauren ya yi tsit kusan minti ashirin. Ana ganin alamar Gwaggo tana ɗaukar murya, sai ta fasa.

Gwaggo: Allah ya ji ƙanta. Kwananta ne ya ƙare.

Malam: Amin. Ajali gaskiya ne, Gwaggo, neman magani ma umarni ne, ba sa karo da juna. Kuma tunda na ji ana raɗe-raɗin wai wadda aka ciro wa ɗa ba ta haihu ba, a bar wannan maganar. A shari'a ta haihu. Jinin da take gani na biƙi ne, wanda a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana 60. Suna ranar bakwai yana nan, rago yana nan.

Auta: Wai "ba ta san zafi ba" 😭 Ni nake kwana da ita. In za ta yi tari sai ta rungume filo a ciki. Jiya nas ta tilasta mata takawa zuwa bakin ƙofa don kar jini ya daskare a ƙafa, taku takwas ta yi tana gumi kamar an watsa mata ruwa. Ta sha naƙudar, ta sha ɗinkin.

Kawu na Maraɗi: Nawa aka caje ku? Mu nan Nijar tun 2005 gwamnati ta ce aikin haihuwa kyauta ne, ko da yake wani lokaci sai ka sayo wasu kayan da kanka.

Baban jariri: Kawu, kar ka tambaya. Na ji Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya yi shelar kyauta ga marasa ƙarfi a Nuwamban 2024, amma ba a kowane asibiti ba ne, mu dai mun biya. Jini leda ɗaya ma abokina ne ya bayar.

Gwaggo: To naji, an yi an gama. Wanka fa? Na sa an sayo itace, ga ganyen darbejiya. Ko shi ma likita ya soke? Mai jego in ba ta gasu ba ɗanyen jiki za ta yi, sanyi ya shige ta.

Yaya Nas: Wanka da ruwa mai ɗumi ba laifi, a tsane wurin ɗinkin ya bushe. Amma tafasasshen ruwa a fyaɗa da ganye a kan ciki, ko a danna da tsumma, a'a, ɗinkin zai iya buɗewa ko ya yi ruwa. Kunun kanwa kuma a ajiye shi gaba ɗaya, don jininta ya hau a watan ƙarshe. A nan Zariya likitoci Davidson da Parry na asibitin ABU suka bi diddigin ciwon zuciyar masu jego a shekarun 1970, suka danganta yawansa da kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Kumburin da ake cewa jego ya karɓi mace, wani ba ƙiba ba ce. Batun kowace haihuwa sai an farka kuwa, ba dole ba ne. In yankan na kwance ne a ƙasan mara, ta huta kamar shekara biyu, mata da yawa suna haihuwa da kansu. Sharaɗin dai a asibitin da ke da ɗakin tiyata, ba a gida ba.

Gwaggo: Kanwar da ta raine ku duka yau ita ce guba.

Yaya Nas: A yi mata kunun gyaɗa, Gwaggo, naki ma ya fi na kowa. Kuma don Allah ranar suna wanzami ya tsaya a aski, ban da cire beli.

Gwaggo: Wannan kuma sai na zo. Auta, ki ce wa uwar ɗakinki ƙauri na wuta, ƙafar sa huɗu na saya. Shi ma in akwai likitan da ya hana a gaya mini tun ban zuba yaji ba.

Yaya Nas: A rage gishiri dai.

Gwaggo: Ba da ke nake ba.